Shaidar da ke Bayan Tambari

Duk wadda ta zo garejinmu na Nukkai don koyon fentin mota, ba na fara ba ta bindigar feshi. Cokulan roba uku nake miƙa mata, irin waɗanda masu abinci ke sakawa a leda, duka na fesa musu baƙi. Sai in ce ta rufe ido ta shafa, ta faɗa mini bambancinsu. Yawancinku dariya kuka yi ranar da na yi muku haka. Ɗaya daga cikinku har cewa ta yi, "Anti Saratu, baƙi ai baƙi ne." Ban yi mata faɗa ba, don ni na taɓa faɗar abin da ya fi wannan muni, kuma ba a kan cokali ba. Na daɗe ina so in ba ku labarin da baki, amma duk ranar da na ɗauko sai in ji harshena ya yi nauyi. Shi ya sa na rubuta.

Garejin na Kawu Bulus ne, yayan mahaifiyata. Na fara zuwa ina sakandare, lokacin hutu, wai in riƙa kawo masa abinci. Abin da ya zaunar da ni shi ne wata farar mota da ya gama fesawa shuɗi, na ga gajimare da kan dutsen da ke bayan gari suna kwance a saman bonet ɗinta kamar a cikin tafki. Na tsaya kallo har miyar da na kawo ta huce. Daga baya na shiga kwaleji na karanta adabi, amma ko a aji ina zaune hankalina yana kan launi. Kawu ya riƙa kirana Malama don tsokana, sunan kuma ya bi ni har yau a bakinsa.

Shekarata ta farko ban taɓa bindiga ba. Bokitin ruwa da sanfefa kawai na sani. Ana farawa da mai kaushi, wadda ke cin tsatsa da tsohon fenti, a koma matsakaiciya bayan an shafa fila an cike lotsa, a ƙare da mai laushi wadda in kin shafa a kumatu ba za ki ce sanfefa ba ce. Na goge ƙofofi har zanen yatsuna ya shafe, wayata ta daina gane babban yatsana. Sai a shekara ta biyu Kawu ya bar ni in wanke bindiga da tina, in kwance bakinta in mayar, in zubar da ruwan da ke taruwa a cikin tankin kwamfireso kowace safiya. In kin manta da wannan ruwan, zai biyo iska ya fito a kan aikinki kamar ƙuraje. Feshin da kuke gani ana yi cikin minti ashirin shi ne ƙarshen aiki. Kwana goman da suka gabace shi su ne sana'ar.

Baƙin mota iri uku ne. Akwai mai sheƙi, wanda ake ɗora wa kiliya, wato man nan mai kama da ruwa da ke sa ki ga fuskarki a jikin ƙofa. Akwai mat, wanda ba ya mayar da haske ko kaɗan, kamar gawayi. Akwai na tsakiya, satin, wanda ke karɓar haske ya riƙe shi a hankali, kamar bayan tukunyar ƙasa da aka daɗe ana girki da ita. Mutanen gari mai sheƙi suke so. Direbobin hanyar Wukari da masu keke napep duk maganarsu ɗaya ce: "A sa ta yi walƙiya, ko makaho ya san an yi mata aiki." Nakan yi musu, suna murna, ni ma ina murna, don gaskiya ni ma sheƙi nake so.

Tsofaffin motoci daban suke, musamman ragar gabansu, wadda iska ke bi ta shiga lagireto. Raga ita ce fuskar mota. A irin motocin da, haƙarƙarin ragar baƙin satin ne, gefensu kuma an ja masa siririn layin azurfa mai sanyi, sai bakin ƙarfe mai walƙiya ya zagaye su. An yi haka ne don ragar ta ja da baya ta zama inuwa, ƙarfen da fitilu su fito. In kika sa komai ya yi sheƙi, ido ba ya sanin inda zai sauka.

Kawu yana da doka a kan wannan, kuma ban ga wani gareji da ke bin ta ba. In tsohuwar raga ta zo, sai ya kwance tambarin da ke tsakiyarta. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan wuri, bai fi tafin hannun jariri ba, inda rana ba ta taɓa gani ba, ruwa bai taɓa dukansa ba. Launin da motar ta zo da shi daga masana'anta yana nan kwance kamar jiya aka fesa. Kawu yana kiran wurin shaida. Da shi ake gwada sabon fenti. Idan an zo feshi kuma, sai a rufe shi da tef, kada ko ɗigo ya taɓa shi, a mayar da tambari a kai.

"Me ya sa ba za mu fesa duka ba, Kawu, tunda ba mai gani?" na tambaye shi wata rana.

"Ni zan mutu, Malama. Ke ma za ki mutu. Mai fentin da zai zo bayanmu wa zai tambaya?"

Shekarar da ta fi kowace wuya ita ce ta bakwai da fara aikina. Damina ta yi nauyi, iska ta jiƙe, fenti ya riƙa yin fari-fari kamar an zuba masa madara kafin ya bushe. Kayan aiki suka yi tsada. Sai ƙirjin Kawu ya kama, tarin da ya shekara yana ɓoyewa ya kwantar da shi, asibiti suka ce kada ya ƙara kusantar warin tina. Ya koma gida a Turaki yana zama a kujerar roba ƙarƙashin mangwaro, ya bar mini makulli. Masu mota za su shigo su ce, "Ina Oga?" In na ce ni ce nake riƙe da wurin, sai su dubi hannuna, su dubi ɗankwalina, su ce za su dawo. Ba sa dawowa. Akwai makon da ban kunna kwamfireso ba sai don kada ya yi tsatsa.

A cikin wannan hali aka jawo wata mota da igiya daga Iware. Doguwa ce mai ƙofar baya, ta haura shekara arba'in, launin madara da ya koma launin ƙasa. Wadda ta kawo ta Anti Rahila ce, malamar firamare, mace mai saurin magana. Motar ta mahaifinta ce, Baba Yohanna, wanda kowa ke kira Baba Likita saboda ya yi aiki a ɗakin shan magani na garinsu har ya yi ritaya. A zamanin da babu wata mota a yankin, wannan ce ke ɗauko mata masu naƙuda ta kawo su asibiti a Jalingo, wasu ma ba sa isowa, a kujerar baya suke sauka. Shi ya sa mutanen Iware suka sa mata suna Ungozoma. Yanzu waɗanda aka haifa ta dalilinta sun girma, sun haɗa kai za su gyara ta, ranar godiyar girbin doya a cocinsu a zaunar da Baba a gaba a zaga gari da shi.

"Kawunki ya taɓa yi mata fenti ina yarinya," in ji Anti Rahila. "Baba ya ce in ba garejin Bulus ba, a bar ta ta ruɓe. Na gaya masa Bulus ba lafiya, 'yar ƙanwarsa ce a wurin. Ya ce hannun da Bulus ya koyar hannun Bulus ne."

Ta ƙara da cewa idon Baba ya kusa tafiya gaba ɗaya, haske da duhu kawai yake bambantawa. Abu ɗaya ya roƙa: a mayar masa da motarsa yadda take, kada a yi mata kwalliya.

Jikin motar ya ɗauke ni mako biyar, kuma har gobe ba na jin kunyar wannan ɓangaren. Bakanike na maƙwabta ya tashi injin, mai walda ya toshe ƙasan ƙofofi. Ni na kankare ta har ƙarfe, na shafa fila, na goge, na fesa firaima, wato shafin farko, na sake gogewa. Launin madarar na samo shi a cikin murfin tankin mai, na haɗa har sau huɗu kafin ya zauna. Nakan jira rana ta buɗe wajen ƙarfe sha ɗaya, iska ta ɗan bushe, sannan in fesa.

Ragar na bari a ƙarshe. Ta roba ce mai tauri, irin wadda ba a ƙara yi, haƙarƙarinta bakwai a kwance, rana ta cinye su sun koma toka-toka. Na tambaya a kasuwar kayan mota ko za a samu wata, aka yi mini dariya, aka ce ko a Onitsha sai an yi sa'a. Na kwance tambarin da ƙaramin sukudireba. Shaidar tana nan. Baƙin satin ne mai zurfi, kuma a jikinsa akwai wani ɗan tsakuwa-tsakuwa mai laushi, kamar ɓawon ƙwai. Har na ga alamar tef ɗin Kawu na shekarun baya a gefenta, layi madaidaici. Ba zan ce muku ban gani ba. Na gani, na shafa, na gane.

Na ɗauki ragar na jingina ta a gaban motar da ke ƙyalli sabuwa fil, sai na ga kamar baƙin nan mai sanyi zai kashe mini aiki. Na hango ranar bikin: jama'a cike da hanya, rana a kan bonet, kowa yana tambayar wa ya yi wannan fenti. Na hango masu motar da suka juya mini baya suna dawowa. Na ce a raina mai motar ba ya gani, masu gani kuma sheƙi suke so.

Na je shagon Bappa Hammadu, Bafulatanin da ke haɗa mana fenti tun kafin in san hanyar gareji.

"Injiniya, jam na?"

"Jam, Bappa. Baƙi nake so da azurfa mai ƙyalli, da kiliya."

"Na wace mota?"

"Ragar tsohuwar nan ta Iware."

Ya ajiye gwangwanin da ke hannunsa. "Bulus ba ya sayen kiliya don raga. Shekara talatin bai taɓa ba."

"Zamani ya canja, Bappa."

"To. Motar dai ba ta canja ba." Ya auna mini.

Da na zo feshi, na yanki tef zan rufe shaidar kamar kullum. Hannuna ya san aikin, shi ya yanko da kansa. Sai na tsaya. In na bar ta, duk ranar da wani ya kwance tambarin zai ga abin da na yi. Na manna tef ɗin a gefen tebur, na ɗaga bindiga, na bi ta kan shaidar sau uku. Kiliya ta kwanta ta cike tsakuwa-tsakuwan nan, ragar ta fito sumul kamar an tsoma ta a zuma. Ta yi kyau. Wannan ma sai na faɗa, don kada ku ɗauka mugun aiki kullum muni yake yi.

Saura kwana goma sha biyu biki Anti Rahila ta zo ita kaɗai. Ta zaga motar tana tafa hannu, ta ɗauki hotuna. Da ta iso gaba sai ta ɗan karkata kai.

"Haka ragar take da? Kamar na tuna ba ta ƙyalli haka."

"Haka ta zo daga kamfani, Anti. Rana ce ta dushe ta."

Ban yi gargada ba. Muryata ta fita daidai, irin muryar da nake karanta waƙa da ita a gaban aji. Ta ce, "Ke kika san aikinki, ƙanwata," ta tafi da murna.

Washegari ta dawo da Baba a bayan keke. Dogon tsoho ne siriri, da hular saƙa da sanda, Hausarsa irin ta dattawanmu ce da ba su damu da mace ko namiji a magana ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi jikin Bulus, sannan ya miƙa wa 'yarsa sandar ya ce a kai shi wajen Ungozoma. Ya fara daga baya, tafin hannunsa a buɗe. Yana tafiya yana magana da ita ƙasa-ƙasa. A ƙofar hagu ya tsaya ya ce a nan wata tifa ta taɓa goge shi a gadar Nukkai, ya ji na cike wurin. A bamba ya nemi lotsar da saniyar wani Jauro ta yi, ya yi dariya da ya ji mai walda ya bar ɗan alamarta.

"Yarinya, hannunka yana da kyau," ya ce. "Bulus bai yi asara ba."

Ya zagayo gaba, ya sunkuya, ya ɗora yatsu a kan haƙarƙari na farko. Ya bi shi har ƙarshe. Ya sauka na biyu. Ya cire hannunsa ya goge a riga, kamar wanda ya taɓa mai, ya sake mayarwa.

"An canja raga?"

"A'a, Baba, ita ce."

"Ba shi ba ne. Nawa yana da fata. Wannan kwalba ne."

Anti Rahila ta ce, "Baba, ta ce haka ta zo daga kamfani, rana ce ta ɓata ta."

Ya miƙe a hankali, ya juyo da fuskarsa inda ya ji numfashina. Idanunsa farare ne, ba sa kallon komai, amma ban iya tsayawa a gabansu ba.

"Ni na ɗauko motar nan yana sabo. Kowace Asabar da tsumma nake bin haƙarƙarin nan ɗaya-ɗaya. In na jira mace a ƙofar asibiti, a nan nake zama, bayana a jikinsa." Ya sake ɗora hannu a kan ragar. "Ba komai. Cire tambari. Bulus ya nuna mini wurin da yake bari. In taɓa, in ni na manta, in ba ka haƙuri."

Sukudireban yana cikin aljihun rigar aikina. Na ji nauyinsa a cinyata. Da a ce na bar shaidar, da laifina ɗaya ne. Na ce, "Baba, babu ita. Na fesa a kai. Na ga yadda take, na san satin ce, na yi abin da nake so. Kuma na yi wa Anti ƙarya."

Anti Rahila ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. Bai zage ni ba. Ya ce a ba shi sandarsa. Da zai hau keke ya ce, ba da ni yake ba, da 'yarsa yake, "Ki gaya wa mutane a yi bikin ba mota. Ba zan zauna a cikin abin da ban sani ba."

Na kwance ragar na naɗe ta a zani na hau keke zuwa Turaki. Kawu yana ƙarƙashin mangwaro yana shan kunu. Na buɗe a gabansa na faɗi komai. Ya juya ta a hannu, ya ga fuskarsa a ciki, ya kwance tambarin da farce da wuƙar aljihu. Ya daɗe yana kallon wurin.

"Sheƙin ban damu da shi ba, Malama. Kowane mai fenti ya taɓa son abin da ba a sa shi ba. Wannan fa?" Ya ɗora yatsa inda shaidar take a da. "Ni na same ta, na bar ta. Shekara arba'in tana jiranki."

Tari ya kama shi. Da ya lafa ya ce tina zai narkar da robar, sanfefa kuma za ta cinye fatar da Baba ke nema. Hanya ɗaya ce: a jiƙa ta a man birki kwana uku, fentin zai saki. Amma tsohuwar roba in ta sha man birki takan yi gautsi, ta karye kamar busasshen kara. Kuma man ba ya zaɓe, zai ɗauke nawa fentin, ya ɗauke na asalin da ke ƙarƙashinsa. Shaida ta tafi ke nan har abada.

"To da me zan gwada, Kawu?"

"Saura mutum ɗaya da ya san ta. Ki je ki roƙe shi."

Na jiƙa ragar a kwanon wanki, na tafi Iware a motar kasuwa. Na sami Baba a ƙofar gida, ana sauke doya daga amalanke a gefensa. Na durƙusa a ƙasa na ce ban zo neman yafiya ba tukuna, yatsunsa na zo aro. Ya ce yatsun tsoho ba sa zuwa gareji kullum, kuɗin keke ya yi yawa. Na ce ni zan riƙa zuwa. Ya ce, "To, ka zo."

A nan cokulan suka samo asali. Robar cokali tana karɓar fenti kusan yadda ragar ke karɓa, kuma bayansa a lanƙwashe yake kamar haƙarƙarin. Bappa Hammadu ya ba ni baƙi da garin da ke kashe sheƙi, bai tuna mini maganarsa ba, abin da ya yi mini ciwo fiye da a ce ya tuna. Kowace safiya nakan fesa cokula shida, kowanne da haɗinsa da nisan bindigarsa, in rubuta lamba a mariƙi. In sun bushe in biya Turaki Kawu ya duba a rana ya cire waɗanda idonsa ya ƙi, in wuce Iware da sauran. Baba zai shafa da babban yatsa, ya ce, "Wannan gawayi ne." Ko ya ce, "Wannan har yanzu yana da mai." Rana ta huɗu ya riƙe wani cokali ya daɗe, ya kai shi kumatunsa, ya sa a aljihu. Na dubi sauran na gane lamba ta sha tara ce.

Fentin ragar ya saki kamar fatar dafaffen tumatir. Na bi shi da burushin haƙori, lungu-lungu, na wanke da garin sabulu sau biyar don ko ɗigon man birki ya rage sabon fenti ba zai kama ba. Tsakuwa-tsakuwan ya dawo. Ina kan wanki na ƙarshe, ban ma danna ba, haƙarƙari na huɗu ya ce ƙas a hannuna, ya rabu biyu kusa da tambari. Na zauna a kan bokiti ina riƙe da shi. Kawu ya koya mini ta waya yadda zan ɗora siririyar waya a baya in narkar da ɓarɓashin roba a kanta da ƙarfe mai zafi. Ya kama da ƙarfi. Daga gaba na goge iya yadda zan iya ba tare da na cinye fatar ba. Ido ba zai gani ba sai an nuna masa, amma ɗan tudu ya rage, siriri kamar zare.

Na fesa ta da haɗi na sha tara, shafi uku marasa kauri, bindiga nesa da taƙi biyu. Layin azurfar na ja shi da tef da ƙaramin burushi. A bayan tambari na manna 'yar takarda cikin leda, na rubuta cewa wannan ba fentin asali ba ne, na asalin satin ne, ni Saratu na shafe shi, da yadda aka haɗa wannan. Mai fentin da zai zo bayana ya samu wanda zai tambaya, ko da mai laifi ce.

Ranar Juma'a kafin biki bakanike ya tuƙa motar zuwa Iware, ina zaune a gefensa. Yara suka biyo mu da gudu, mata suka fito daga gidaje suna kiran sunanta. Ba wanda ya kalli ragar. Fitilu da bakin ƙarfen suke kallo, yadda ya kamata. Aka kamo hannun Baba aka kawo shi. Bai bi ta baya ba wannan karon, kai tsaye gaba ya nufa. Ya bi haƙarƙari na farko, na biyu, na uku. Fuskarsa ta saki. A na huɗu yatsansa ya tsaya a kan tudun, ya koma baya, ya sake hawa.

"Ya karye a hannuna, Baba," na ce. "Na ɗinke shi."

"Na ji." Ya bi sauran ukun har ƙasa, sannan ya miƙe ya jingina bayansa da ragar, yadda ya ce yana yi a ƙofar asibiti. "Duk tabon da ke jikin motar nan na san mai shi. Na ƙofa na direban tifa ne. Na bamba na saniyar Jauro ne. Wannan naka ne, yarinya. Rahila, ki gaya musu zan shiga."

Ban tsaya bikin ba, ko da yake sun gayyace ni. Masu mota sun dawo garejin a hankali, amma ba don wannan aikin ba, don ba wanda ya san an yi wa ragar komai. Kawu bai ƙara riƙe bindiga ba, sai dai yakan zo ya zauna daga nesa inda warin ba ya kai wa, ya ce Malama ta cika tina. Ungozoma tana Iware a ƙarƙashin rumfar kwano. Anti Rahila ta ce har yanzu kowace Asabar Baba yana fita da tsummansa, kuma in ya zo haƙarƙari na huɗu yakan rage sauri.

Gobe akwai wata tsohuwar mota da za a kawo daga Turaki. Ku za ku kwance tambarin. Tef yana cikin durowa ta biyu.